Cinyar Ragon Baba

Duk Unguwar Dosa sun ɗauka addu'ar liman ce ta kawo wa Baba ƙarin girma a ofis. Baba kuwa a ransa ya ɗauka cinyar rago ce. Dukansu sun yi kuskure, don ni ke ɗaukar cinyar.

Baba akawu ne, ya daɗe a kujera ɗaya har ta lotsa. Kowace Babbar Sallah, kafin mu ɗanɗana komai, sai a yanke cinyar layyarmu a sa a tire, in kai Malali gidan maigidansa na ofis. Masinjan ofishinsu kuma a ba shi huhu.

Shekarar da na gama sakandare na ce, "Baba, wai sadaka sama take hawa? Mutumin nan raguna uku ya yanka, ga firiji."

"Ke, rufe min baki. Allah ne Ya fifita wasu a kan wasu."

"To Shi Ya ce a ba masinja huhu?"

Inna ta ce, "Bokon nan ya lalata yarinyar nan. Ɗauki tire ki wuce!"

Na wuce, rana na dukana. A Malali na tarar da tire-tire a jere, duk cinyoyi. Uwargidan ko sunan Baba ba ta tambaya ba. Ta leƙa tawa ta ce wa direba, "Wannan ta fi maiƙo, kai wa Babban Sakatare, ka ce daga Alhaji." Na dawo na faɗa wa Baba. Ya ce ai ladan yana nan.

Bayan Sallah wani akawu da ke gaban Baba ya yi ritaya, ba kowa a layi sai shi, aka ba shi kujerar. Aka yi walima, liman ya ce haƙuri da biyayya ne suka jawo, kowa ya tsaya inda Allah Ya ajiye shi. Masinja ya fi kowa ƙarfin amin.

Da Sallah ta zagayo sai ga 'yar wani ƙaramin akawu a ƙofarmu da tire, tana gumi. Cinya! Baba ya shafa gemu ya ce, "Ikon Allah. Ajiye, anjima ki haɗa da tamu ki kai Malali."

Na ce to. Yana fita gaisuwar Sallah na ce wa Inna ta miƙo wuƙa da babbar tukunya. Wannan dai a gidanmu za ta kwana, in ya dawo ya same ta a soye.