Lanƙwasar da Ta Ɓace daga Igiyar Ƙasa

Duk mai hawa layinmu a Dutse Alhaji kafin azahar ya san rumfar Serah, ko da bai san sunanta ba. Ƙamshin yakuwa da gauta a cikin gwate ne yake fara tarar mutum tun daga kwanar masu faci. Shekarunta hamsin da bakwai, gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, kuma idan dariya ta kama ta sai ta ajiye ludayi ta dafa gwiwa.

A wani ƙauye na kudancin Filato aka haife ta, inda doya ke yin kyau. Ta zo Abuja da tukunya biyu lokacin da ake ta gine-gine, tana dafa wa leburori abinci a Karmo. Daga baya ta dawo nan da 'yarta Fortune. A ajin manya na cocinmu na koya mata karatu, tana da shekara arba'in. Har yau da yatsa take bin haruffa, kuma abin da ta gani a rubuce shi take faɗa, ba ta ƙari, ba ta ragi. Haka aka koya mana a makarantar mishan, haka ni ma na koya mata.

Abu ɗaya ne Serah ba ta faɗa, ko a rubuce ko a baki: sunan maciji. Tana 'yar shekara tara wani kawunta ya ambaci sunan da safe a kan hanyar gona, kafin rana ta take aka ɗauko mahaifinta a kan keke zuwa asibitin mishan da sara a ƙafa. Ya rayu, amma da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa. Tun ran nan igiyar ƙasa take cewa. Na sha tsokanarta cewa shugabar zumuntar mata guda bai kamata ta riƙe camfi ba. Takan ce ita ba tsoro take ji ba, ladabi ne, ai ni ma ba na kiran surukina da sunansa.

Fortune tana aiki a shagon buga takardu, kuma ita da wasu matasa kusan talatin suna haɗa wasan gem na waya. Masoyan wani sanannen wasa ne na ƙasar waje, wanda ake yawo a daji ana kama dabbobin ƙage, sai suka ce za su yi nasu da dabbobin gida. Suna da guruf a waya, wasu a Jos, wasu a Ilorin, shugabansu wani Godfrey yana Kaduna. Kowace dabba tana bukatar hoto, da suna, da tarihi wanda bai wuce kalma arba'in ba. Fortune da abokin aikinta Hanif, wanda ke zane, aka ba su dabba mai dafi, wato maciji.

A rumfar Serah suke zama da rana, kwano a cinya, suna gardama. Fortune tana son abin ya riƙa fesa wuta. Hanif ya zana masa kai biyu da fukafukai irin na jemage, ya juya wayar yana jiran yabo. Serah ta leƙa, ta ajiye ludayi, ta dafa gwiwa. Da ta samu numfashi ta tambaye shi ko ya taɓa shiga gonar doya. Ya ce shi haifaffen Wuse ne.

"Shi ya sa," in ji ta. "Wannan da ka zana ai kaza ne ya yi hatsari. Na gaske ba ya da hayaniya, ɗana. Kana tsaye a kansa ma ba ka sani ba."

Daga nan aiki ya koma hannunta. Tana juya tukunya tana ba da labari, Fortune tana ɗauka a waya tana tura wa guruf. Ta faɗi yadda launin igiyar ƙasa yake sajewa da busasshen ganye, da yadda take goga jiki idan ta fusata, da yadda ba ta bin mutum sai dai mutum ya je ya same ta. 'Yan guruf suka rikice da murna. Wani daga Ilorin ya kawo shawara cewa a cikin wasan ma kada sunanta na ainihi ya fito ko'ina, a san ta da laƙabi kawai. Wata daga Jos ta ce a sa ƙarar jikin nan ta zama gargaɗi ga mai wasa. Suka fara kiran Serah Maman Guruf, ita kuwa kowace safiya sai ta tambayi Fortune me 'ya'yanta suka ce.

Sharaɗi ɗaya ta kafa: Igiyar Ƙasa za a kira ta, ba wani suna ba. In ba haka ba, a mayar mata da labarinta.

Labarin da ta bayar ya haura kalma ɗari shida, shi ne aka nemo ni. Na yi shekara talatin ina gyaran rubutu a maɗaba'a, kuma tun muna yara Fada, limamin mishan, yake sa mu matse shafi guda ya koma layi biyar. Kwana uku muna yanka. Duk kalmar da na soke sai Serah ta yi mata kuka kamar an yanka mata akuya, Hanif yana ƙirgawa da yatsu. Ga abin da ya rage:

Tana kwance a gindin kunyar doya, launinta launin busasshen ganye. Ba ta bin kowa. Mai gaggawa ke taka ta. In ta goga jiki, sai ka ji kamar ruwa a kasko mai zafi. Kada ka kira sunanta. Gaishe ta, ka wuce.

Arba'in cif. Aka tura wa Godfrey ran Litinin, domin ran Asabar za a saki wasan.

Ran Laraba Fortune ta zo da gudu da wasan gwaji a wayarta. Rumfa cike da masu cin abinci. Serah ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta karanta da ƙarfi don kowa ya ji. Sai dai haruffan wasan ba su da ƙ mai lanƙwasa. Da farko wani ɗan akwati ne ya fito a gurbinsa, Godfrey ya ga ya ɓata shafi, ya sa k zalla. Serah kuwa ta karanta abin da ta gani: igiyar kasa. Kasa, wato macijiyar nan mai kauri mai yawan barci.

Ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ban san mace mai shekarunta za ta iya hawa benci da tsalle ɗaya ba. Tana can sama, ta tattare zani, tana leƙen ƙarƙashin tebur, masu cin abinci kowa ya ɗaga ƙafa ba tare da ya san dalili ba. Wani ɗan acaɓa ya fice da kwanonsa a hannu.

"Baba Albert, kai ka koya mini," ta ce daga kan benci. "Shekara arba'in da takwas ban kira ba. Yau yaran nan sun sa na kira a gaban tukunyana. A cire labarina."

Fortune ta roƙe ta, ta kira Godfrey a gabanmu. Shi kuma ya ce haruffan wasan zana su aka yi ɗaya bayan ɗaya, ba shi da lokacin ƙara wani, kuma ai kowa zai gane. In Mama ta ƙi, akwai wani kunkuru mai guba da ke jiran gurbin. Hanif ya ce kunkurun nan ko kyan gani ba shi da shi.

Na karɓi wayar. Na gaishe shi, na tambayi aiki, sannan na tambaye shi ko in an rubuta masa cewa baki sun cika gidansa, da k zalla, zai shimfiɗa tabarma ne ko zai kira likita. Ya yi dariya har da tari. Ya ce in Hanif zai iya zana harafin kafin Juma'a da la'asar, a cikin ƙananan gidajen zane, bakwai a tsaye biyar a kwance, zai saka.

Hanif ya sayo takardar lissafi mai gidaje. Na farko da ya cike ya fito kamar R. Na biyu lanƙwasar ta juya hagu. Na uku Fortune ta ce ya yi kama da mutum yana ɗaga wa mota hannu. Serah ta ce ba ruwanta da mu, amma kowane minti biyar sai ta zo wucewa ta bayanmu da ludayi, ta ce wannan ma bai yi ba. 'Yan guruf suka shiga, kowa yana turo nasa, har na Ilorin da bai taɓa ganin harafin ba ya turo guda huɗu. Na bakwai ne ya tsaya da ƙafarsa: sanda, ƙafa biyu, da ɗan kai da ya sunkuya dama. Tun da hannu ya faɗa, Hanif ya ƙara ɗ da ɓ.

Ran Juma'a da rana sabon gwaji ya iso. Serah ta sa aka share ƙarƙashin tebur tukuna. Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa, ta tsaya a kan harafin ta daɗe tana dubansa, kamar mai duba shinkafa a kasuwa. Sannan ta karanta sunan daidai, ta bi kalmomi arba'in ɗin har ƙarshe, ƙafafunta biyu a ƙasa.

"Ku gaya ma oga Godfrey ya ɗauka," ta ce. "Kunkuru ya jira."

Sai ta ɗaga ludayi sama ta shiga taka rawar zumunta a tsakanin bencina, Fortune tana buga marfin tukunya, Hanif yana ɗauka yana tura wa guruf, masu cin abinci suna tafi da hannun da ba na ci ba a kan cinya. A ganina lanƙwasar ta gaza da gida ɗaya, amma na kama bakina na miƙa kwano aka ƙara mini gwate.