Kebul a Kwatar Surukina

Duk shekarun da na yi ina aiki a ɗakin sa ido na wani kamfanin intanet a Legas, mutanen unguwarmu a Agege ba su taɓa yarda cewa aikina na zama ba ne. A wurinsu injiniyan sabis shi ne mai hawa dogon ƙarfe da igiya a ƙugu. Ni kuwa kujera ce tawa, a wani ɗaki mai sanyin da sai ka sa rigar sanyi a tsakiyar Legas, ga allo ya cinye bango guda, an zana garuruwa a kai da layukan da suka haɗa su. In layi kore ne, lafiya lau. In ya koma ruwan ɗorawa, sai a gyara zama. In ya yi ja kuwa, wayoyi su hau ƙara, kowa ya manta yana jin yunwa. Abubuwan da ke tayar mana da hankali ba wasu manya ba ne: dizal ya ƙare a wata tasha, ɓera ya ci waya, ko katafilar masu gyaran titi ta tumɓuke mana kebul ta yi gaba ko waiwaye babu.

Kebul ɗin nan da muke ce wa faiba, in ka ɓare shi zaren gilashi ne a ciki, siriri kamar gashin kai, kuma haske ne ke bi ta cikinsa. Kiran bidiyon da dillalan kasuwar Mile 12 ke yi su ga albasar da ake loda musu a arewa, da gaisuwar da 'yan cirani ke aika wa gida, duk ta nan suke wucewa. Shi ya sa dokar aikinmu ita ce kowace hanya a yi mata 'yar'uwa, in ɗaya ta yanke ɗayar ta ɗauki kayan. Babbar hanyarmu ta arewa ma haka take. Ɗaya ta fita ta Ketu. Ɗayar ta ratso ta Agege a cikin wani baƙin bututu, kuma a wani wuri ɗan kwangilar da ya shimfiɗa ta ya ji ƙyuyar haƙa rami, ya jefa bututun a cikin kwata. Kwatar nan kuwa ita ce ta ƙofar gidan surukina.

Surukina dillalin albasa ne a Mile 12, dattijo mai murya, wanda in yana magana a hankali ana jin sa a tsallaken titi. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini kai ba. Matsalar daga wajena take. Ni a ƙauyenmu na tashi, can ƙasar Katsina, inda namiji ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi tafe ma ya nemi wani lungun. Tun da aka ɗaura mana aure, abin da ke shiga tsakanina da shi gaisuwa ce: in durƙusa, in tambayi lafiya, ya sa mini albarka, in tashi in gudu. Matata haihuwar Agege ce, Yarabanci a bakinta ya fi na masu shi, kuma wannan hali nawa ba ƙaramin daɗi yake mata ba. Takan ce duk danginsu ba a taɓa kawo amarya mai kunya irina ba.

A farkon wata damina, tsakiyar mako, katafila ta tsinke mana hanyar Ketu. Gyaran ba wuya, amma sai an jira izinin fasa titi, kuma masu ba da izinin ba sa sauri. Kayan arewa gaba ɗaya suka koma kan hanyar Agege. Na dawo gida a gajiye, ina wanke hannu zan ci tuwo, matata ta ce mini, kamar labarin banza, Baba ya ɗauki 'yan cirani za su yashe kwata ranar Asabar.

"Ya ce baƙin bututun nan marar mai shi ne ke tare leda da shara, duk shekara ruwa ya shigo musu gida. Bana sai ya ga bayansa. Har diga ya aro."

Tuwon ya fita daga raina. Na san abin da kamfaninmu ke yi wa wanda ya tsinke kebul: 'yan sanda ake kira, kuma na sha ganin an tasa ƙeyar mutane a kan abin da bai kai wannan ba. In digar nan ta sauka, rabin masu amfani da mu a arewa za su rasa sabis, sannan wajen aikina ne zai kai uban matata caji ofis, a ranar da ni ke kan aiki.

Washegari na sami ogarmu, wata Bayarabiya mai kaifin baki wadda ke shugabantar ɗakin, na roƙe ta a tura masu sintiri su tsaya a wurin ranar Asabar. Ta ce duk suna Ketu suna gadin ramin da ba a ba su izinin haƙawa ba. Da na ce mata ai gidan surukina ne, sai ta dube ni ta saman tabarau.

"Surukinka? To mene ne wahala? Go and tell am now, je ka gaya masa mana."

A wurinta maganar ta ƙare ke nan. Ban tsaya yi mata bayanin cewa ni ban taɓa gaya wa mutumin nan ko ƙarfe nawa ba, balle in ce masa ya fasa abin da ya yi niyya a ƙofar gidansa.

Sai na koma kan matata. Na zaunar da ita na yi mata karatu dalla-dalla: bututun namu ne, shi kaɗai ya rage, kada a taɓa shi, kada a ja shi, kada diga ta je kusa da shi.

"Injiniya," in ji ta, don haka take kira na in tana son tsokana, "gidan fa ga shi nan bayan masallaci. Ƙafarka ce ke ciwo ko bakinka?"

Na lallaɓa ta har ta yarda. Ta je ba ta same shi ba, yana kasuwa, sai ta bar wa mahaifiyarta saƙon. Ita kuma surukuwata mace ce mai sanin ya kamata. Ta duba ta ga ba zai yiwu a ce wa maigida mijin 'yarsa ya hana shi abu ba, don haka ta goge wa saƙon duk wani kaushi kafin ta miƙa. Daga baya na ji yadda ya isa: yaron nan yana gaishe ka, ya ji za a yi aikin kwata, ya ce Allah ya ba da sa'a, a dai lallaɓa.

Ranar Juma'a bayan an sallame na hango surukina ya hango ni, babu lungun shiga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na samu saƙonka, Allah ya yi maka albarka." Na tashi ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Har na saya wa matata kilishi a hanya.

Asabar da hantsi ina kan kujerata, shayina bai huce ba, layin Agege ya koma ruwan ɗorawa. Bai tsinke ba. Hasken da ke isowa ne yake raguwa, abin da ke faruwa ke nan in ana lanƙwasa kebul ko ana jan sa. Abokin aikina ya kunna na'urar da ke auna nisan inda matsala take. Ni ban buƙaci na'ura ba, har kalar ƙofar gidan na sani.

Na kira matata, tana kasuwar Oyingbo sayayya, wayar na cikin jaka. Na sake kira, shiru. Kiran surukuwa kuma ya fi na suruki nauyi. Lambar dattijon tana cikin wayata tun ranar ɗaurin aure, ban taɓa danna ta ba. Hasken na ci gaba da sauka, ogarmu ta zo ta tsaya a kaina. Na yi bismilla na danna.

"Salamu alaikum, Baba, ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Injiniya? Kai ne? Lafiya dai? Yarinyar lafiya?"

"Lafiya lau take, Baba."

"To madalla. Ya yaran? Ya aiki? Ya mutanen gida, kana jin su? Jikin mahaifiyarka da sauƙi? An fara ruwa a can kuwa?"

Ba a katse dattijo a tsakiyar gaisuwa. Ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, ina mayar masa da tawa, ya kasuwa, ya fama da jama'a, idona na kan allo, kunnena kuma na jiyo wata murya a bayansa tana cewa, "Ku kama ta can! Ku ja!" Sai da na ga takalman ogarmu daidai hancina na gane cewa na sauka daga kujera, ina durƙushe a gefen tebur, kaina a sunkuye, ina gaida mutumin da ke can Agege. Duk ɗakin an bar aiki ana kallo na.

Na rufe ido na ce, "Baba, don Allah don Annabi a dakata da jan bututun nan."

Sai muryar nan tasa ta tashi, har sai da na janye wayar daga kunne: "Kai! Ku dakata!" Ya dawo kaina. "Ina jin ka."

Na faɗa masa, ina in'ina. Na ce na wajen aikinmu ne, ɗayar hanyar ta yanke, wannan kaɗai ke riƙe da arewa. Maganar 'yan sanda kam bakina ya ƙi ɗaukar ta.

"Naku ne?" in ji shi. "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina tsine wa mai bututun nan, ashe ɗan gida ne. To yaushe za ku gyara ɗayar?"

"Wataƙila jibi, Baba. In ta dawo zan sa a zo a ɗauke wannan daga kwatar."

"Jibi." Na ji ya ja numfashi. "Hadari ne fa a kanmu yanzu haka."

Bai jira amsata ba. Na ji yana ce wa ma'aikatan su mayar da bututun yadda suka same shi, a hankali, kamar suna ajiye ƙwai, kuma kowa ya fito daga kwatar, aiki ya tashi. Bai tambaye ni wata hujja ba, bai ce me ya hana ni faɗa tun farko ba. Ya ce in gaida abokan aiki, ya kashe waya.

Kafin in koma kan kujera hasken ya fara hawa. Layin ya koma kore. Ogarmu ta tafa hannu, ta ce daga yau za a rubuta durƙuso a cikin ƙa'idojin gyaran faiba, tunda ga shi ya fi na'ura aiki. Har na bar kamfanin, in layi ya yi ruwan ɗorawa sai wani ya ture mini kujera ya nuna mini ƙasa.

Bayan azahar ruwa ya sauko, irin na Legas, wanda ba ya sallama. Na tsaya a tagar baranda ina kallon sa, na koma ciki na kalli allo. Komai kore. A can arewa mutane na ta hirarsu, ba wanda ya san an yi wani abu. Ni kaɗai a ɗakin na san inda ruwan nan yake taruwa, a bayan wace shara, a bakin wace ƙofa. Ban ji daɗin koren nan ba ko kaɗan. Tausayin tsohon ne ya cika ni.

Da na tashi aiki, danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ya yi ta iyo da mu har Agege. Ban biya gida ba, na wuce gidan surukina kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba sai an aiko. Kwatar ta cika ta tumbatsa, ruwa ya haura dakali ya bi zaure ya shiga. A tsakar gida ya kai ƙwauri, baƙi, da ledoji suna yawo a kai. An ɗora katifu a kan katanga, dardumar falo tana ɗiga a kan igiyar shanya, buhun shinkafa na kan benci amma gindinsa ya riga ya sha. Surukuwata da matata suna fito da kwanuka daga kicin. Matata ta dube ni, ta ci gaba da aikinta, a karo na farko ba tsokana.

Surukina kuwa yana bakin zaure, ya naɗe wando har gwiwa, ba hula, yana kwasar ruwa da bokitin fenti yana watsawa waje. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Furfurar ta fi yadda nake zato yawa. Ya ɗago ya gan ni tsaye da takalman ofis a hannu.

"Injiniya. Sabis ɗin naku bai faɗi ba dai ko?"

"Bai faɗi ba, Baba."

"Har can arewa?"

"Har can."

"To alhamdulillahi." Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ya miƙo mini bokitin. "Karɓi nan, ɗana. Bayana ya gaji."