Ranar da Dauda Ya Farfaɗo a Bodar Jibiya

Kai, 'yan'uwa, ranar nan ta ƙi fita a raina! Ina sabon zuwa sashen lafiya na boda, aikina duba katin rigakafi. Lokacin na haukace da koyon Helenanci a waya, ba malami ba komai, har a ofis ana kirana Fasto Girka. Satin nan kalma ɗaya ce ta riƙe ni: ananefo. Sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari fa! Ma'anarta mutum ya wartsake daga maye, hankalinsa ya dawo, ya ga ashe a tarkon Iblis yake kwance. Na haddace, amma ban taɓa ganinta da ido ba.

Da hantsi motar Maraɗi ta tsaya. A baya ga wani saurayi, kansa na lilo, miyau na zuba. Wani mai babbar riga ya miƙo katinsa.

"Dauda ne, ɗan ƙanwata. Gajiya ce, ku bar mu mu wuce."

Shugabarmu, Mama Rifkatu, ta ce, "Alhaji, a nan kawu ba ya amsa wa mutum." Ƙa'idarmu ke nan: wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya ƙetarewa sai ya faɗi sunansa, da inda yake, da inda za shi, da bakinsa.

Muka kwantar da shi, aka yi masa ƙarin ruwa. Alhaji sai zarya yake yana duba agogo. Bayan azahar Dauda ya buɗe ido.

Mama ta ce, "Ɗana, sunanka?"

"Dauda."

"Ina kake?"

Ya leƙa taga, ya ga shinge, ya ga tutar Nijar can gaba. Wayyo, da kun ga fuskar nan!

"Boda? Aikin gini a Katsina aka ce mini. Lemo kawai mutumin nan ya ba ni a tasha." Ya damƙe hannunta. "Mama, ba kawuna ba ne. Don Allah kar ki bari a mayar da ni motar can."

Kafin jami'an shige da fice su iso, Alhaji ya sulale. Washegari yayan Dauda ya zo ya tafi da shi gida.

Mama ta dube ni. "Fasto Girka, yau ina surutun?"

Ananefo ke nan na gani da idona. Ashe wanda ya wartsake, tarkon yake fara gani, kuma ba daɗi. Tun ranar ban ƙara gaggawar sallamar mai lumshe ido ba.

Ku fa, kun taɓa tsayawa kan mutum daidai lokacin da hankalinsa ke dawowa? Ku ba ni labari, don Allah!