Zanzaro a Malafar Maigidana

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Matar maƙwabcina ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira, don zai zo.

Maigidana ya rasu da farkon damina, a ƙauyenmu na ƙasar Roni. Bai bar shanu ba, bai bar babur ba. Abin da ya bar mini shi ne sanin gidajen ƙwari masu harbi, karatun da ya ɗura mini tun ina amarya. Sauran mata ana kiransu su zo su ga atamfar da aka sayo musu a kasuwar Kazaure. Ni kuwa daga bakin murhu ake kirana in zo in ga abin da aka gina a bayan ƙyaure.

"Zo ki gani. Wannan gidan wa?"

"Malam, tuwona zai ƙone."

"Na zanzaro ne. Dubi laka."

Haka na haddace, ba don ina so ba. Zanzaro magini ne, shi kaɗai yake aikinsa. Ya ɗebo laka ya liƙa a bango, ya cusa tsutsa a ciki, ya toshe bakin. Ba ya harbi sai an matse shi. Rina kuwa gidanta kamar busasshiyar takarda yake, a rataye da ɗan siririn wuya, ramukan a buɗe suna kallon ƙasa. Taron dangi take yi, kuma ba ta sallama kafin ta harbi mutum. Hukuncin Malam ɗaya ne: rina a sa mata wuta, zanzaro a bar shi da gininsa. Duk damina sai ya zagaya gidan nan yana leƙa jinkar rumbu, da ƙarƙashin indararo, da tsofaffin tukwane, hannu a baya, kai ka ce hakimi ne ya fito rangadi.

Da ina da ƙugu siriri, zanzaro yake kirana. In na yi fushi kuma, rina. Ya kan tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Yau wa zan tarar a ciki, zanzaro ko rina?" Ƙugun ya tafi tun haihuwar fari, amma tambayar ba ta tafi ba sai da aka fita da shi a makara.

Ranar da ya dawo daga gona yana cewa kansa na sara, ya rataye malafarsa a ƙusar da ke ɗakinsa, ya kwanta. Bai sake sa ta ba. Duk tsawon takabata ban taɓa ta ba. Na kan shiga in tsaya kusa da ita kawai, saboda ƙanshin kansa yana nan a jikin kabar, gumi da man alayyadi.

Da na fita takaba, 'yata da ke aure a Kazaure ta zo kwashe kayan ɗakin a yi sadaka da su. Ita kaɗai Allah ya raya mana. Na ce mata komai a ɗauka, malafar dai a bar mini. Ta ce to. Tana cikin shanya rigunansa a bayan ɗaki sai na ji ihu. Wani abu ya harbe ta a wuya. Ta shigo ɗakin a guje, ta ga wani baƙin ƙwaro ya shige cikin malafar, shi ke nan shari'a ta ƙare.

"Inna, rina ce ta yi gida a malafar Baba!"

"Kin leƙa?"

"In leƙa? Dubi wuyana!"

Ta buga wa baffanta waya, ƙanen maigidana da ke Gwiwa. Shi ne autan gidansu. Gemunsa ya yi fari fat, amma ni har gobe auta nake ce masa, tunda da majina na same shi. Bayan azahar sai ga shi a babur, da doguwar gora, da tsumma, da fetur a kwalba. Mutumin da bai taɓa zuwa mana da ko ƙullin goro ba, ranar ya zo da kaya niƙi-niƙi.

"Ina amaryar tawa? An ce baƙi sun sauka a ɗakin Yaya."

"Auta, da wa za ka yi yaƙi haka? Ko ɓarayin shanu aka ce maka?"

"Rina ba a yi mata wasa. Zan ɗauko malafar da gorar nan, in fito da ita tsakar gida, in cinna mata. Kafin ki ce kwabo an gama."

"Malafar za ka ƙona?"

"To da, ni zan sa ta?"

"Ka leƙa tukuna. Yayanka bai taɓa sa wa gida wuta ba sai ya ga mai gidan."

"Yaya ai shi waliyyin ƙwari ne. Ni fuskar nan da ita nake zuwa kasuwa."

Kafin a jima tsakar gidana ta cika. Ranar na gane ashe ƙauyenmu cike yake da malamai. Wata ta ce daga jin kukan rina ce. Wani ya ce zirnaƙo ne, ya kashe jaki a wajen Babura. Kowa yana fatawa daga bakin rijiya, babu wanda ya taka dokin ƙofar ɗakin. Auta yana naɗa tsumma a gora.

Ni kuma idona ya yi yana. Daga ƙofa malafar duhu-duhu kawai nake gani. Duk karatun da aka yi mini na ido ne, ga shi idon ya tafi, malamin ma ya tafi.

Na shiga na tsaya a inda na saba tsayawa. Na ce su yi mini shiru. Can na ji wani siririn kuka a ciki, zzzi, ya tsaya, zzzi, irin wanda zanzaro yake yi in yana shafe. Murya ɗaya ce, ba taro ba. Amma kunnen tsohuwa ba shaida ba ne, kuma ina jin warin fetur daga waje.

"Inna, don girman Allah ki fito!"

Na yi bismilla na zura hannu cikin malafar. Na ce a raina in rina ce ta harba, ai ba ita ce za ta fara sa ni kuka bana ba. Wani abu ya fita fuu ta gefen kunnena. Yatsana ya sauka a kan laka, busasshiya, ƙulli-ƙulli a jere, na ƙarshen da ɗan danshi.

Na fito na nuna wa auta yatsana. Ya duba, ya shinshina.

"Laka ce," in ji shi.

"A'a, fetur ne."

Ya ajiye gorar. Sai ya tambayi 'yata a ina take tsaye aka harbe ta. Ta nuna bayan ɗaki. Ya je ya durƙusa ya leƙa jinkar rumbu, inda wansa yake fara dubawa kowace shekara, kuma bana ba wanda ya duba. Ga rinar nan a rataye, gidanta ya kai faifai. Gaskiya a nan ya yi aiki, ya kakkaɓo ta da gora ya ƙone ta a ƙasa, ko tsinken jinka bai kama ba. Ɗaya ce kawai ta same shi a leɓe, ya koma Gwiwa da bakin da ya fi wanda ya zo da shi.

Da zai hau babur ya ce, "Kada ki sauke malafar sai 'ya'yan zanzaron sun fita. Haka Yaya zai ce." Ya juya fuska yana goge ido da hannun riga, wai hayaƙi ne.

Na bar ta a ƙusa har aka gama yankan dawa. Kullum in shiga in shafa, har ranar da na ji kowane ƙulli ya hude. Na sauke ta na zauna a bakin gadonsa, na kifa fuskata a ciki.

Ƙanshin babu. Warin laka kawai. Na hana auta, na hana wuta, ashe zanzaron da aka yi shekaru ana kare masa gida shi ne zai cinye mini ɗan abin da na gada.

Tana nan a ɗakina yanzu, da lakar a ciki. Ban kankare ba. Ke 'yar nan, ajiye biron.