Gwangwanin ja da gwangwanin baƙi

Shekarata tara ina aiki a wata gonar dabino a Awali, can ƙasar Larabawa, kafin kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, ya sayo na'urar auna gudun harsashi. Tsohon injiniya ne, mutum mai son lamba. Ko ruwan da muke ba dabino sai ya auna. Ɓeraye suka addabi gonar, ya kawo bindigar iska, wadda a can suke cewa saktun, ya miƙa mini don ya san gidan maharba na fito.

Dalma, wato harsashin bindigar, iri biyu ya sayo, gwangwani mai jan murfi da mai baƙi. Muka kafa kwali a jikin katanga, taku talatin, na'urar tana gaban bakin bindiga. Na baƙin, duk harbi lambar kusan ɗaya take nunawa. Na jan kuwa yana ɗan hawa yana sauka. Amma a jikin kwali, jan ya taru wuri guda, babban yatsa ya rufe shi, baƙin ya watse kamar kashin awaki.

Na ce masa, "Ya ammi," wato baffana, haka nake kiransa, "bindigar nan jan take so. Kowace bindiga da dalmar da cikinta ke karɓa. Wannan ɗan bambancin gudu sai a nesa zai nuna, mu kuwa ɓeranmu ga shi nan kusa."

Ko kwalin bai kalla ba. Ya nuna na'ura ya ce, "Sabit." Wato tsayayye, ba ya rawa. Sannan ya nuna hannuna ya ce wannan ne ba sabit ba. Wai na tsufa, ido ya fara tafiya, kuma zai yi tunani kafin ya sabunta mini iƙama, takardar izinin zama. Saura wata biyu ta ƙare. Wallahi raina ya ɓaci. Hannun da ke watsa baƙin, ba shi ne ke tara jan ba? Ko tsufan nawa gwangwani yake zaɓa?

Na haɗiye. Na sake gwadawa ni kaɗai, goma goma har sau huɗu, don na san harbi uku kan taru da sa'a kawai. Bai sauya ba. Na kai masa kwalayen, ya ce in ajiye a can.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar surukansa biyu suka zo shan gahawa a gonar. Ya fito da na'urarsa yana yi musu bayani, ya ce in harba baƙin. Ya watse kamar kullum. Ya yi dariya ya nuna ni ya ce musu, "Kun gani? Kayan aiki lafiya lau, Hajji ne ya gaji." Suka taya shi dariya.

A nan na yi wautata. Na ɗauko matsin ƙarfen da muke kama bututu da shi in za mu gyara famfo, na ɗaure bindigar tamau a kan tebur. Na ce, "Ya ammi, yanzu ba hannuna. Ja kunamar da kanka."

Ya ja har sau goma da baƙin. Lamba na fitowa tsaf tsaf, kwali kuwa kaca-kaca. Ya ce iska ce. Haba, iska! Ko ganyen dabino ɗaya ba ya motsi. Na kwance bindigar, na ɗora a kafaɗa a tsaye, na sa jan, na zuba biyar. Babban surukin ya tashi ya je har katanga, ya leƙa, ya juyo yana cewa mashaAllah, rami ɗaya ne. Ya dafa kafaɗar kafilina ya ce masa ya sayar da na'urar ya ƙara wa Hajji albashi.

Kafilina ya yi murmushi, ya zuba musu gahawa.  Daga ran nan ma ya daina zancen idona. Ni kuwa sakarai, har na fara jin daɗi, ina cewa gaskiya ta yi halinta.

Bayan mako uku saƙo ya shigo wayata ina saman dabino ina yankan ƙaya. Huruj niha'i ya yanka mini, wato fita daga ƙasar ba dawowa. Na sauko na same shi, ya ce gonar ba ta buƙatar mutum biyu yanzu, abokin aikina ya isa, Allah ya ba ni alheri.

Tun da nake ban taɓa harbi mai kyau irin na ranar ba. Abin da ya fi cin raina har yau, ina haɗa kayana ina ce wa kaina da na sani da na kuskure ko guda biyu.