Faransancin da Baba ya bar wa Inna

Baba bai taɓa yin ashar da Hausa ba, duk Tibiri ta shaida. Amma in injin ban-ruwa ya ƙi tashi a gonarsa ta Jiratawa, ko akuya ta shiga masa albasa, sai ka ji yana kwararo Faransanci. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Wurin wani shugaban aiki ya tsinci 'yan kalmominsa lokacin haƙar magudanan ruwa, kuma babu ko ɗaya da ake iya maimaitawa gaban surukai. In aka yi masa magana sai ya ce, "Wannan ai ba zagi ba ne, Faransanci ne."

Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Najeriya ya ce mini wai Turawan Ingila ma haka suke. In ashar ta kuɓuce musu sai su ce a gafarce su, Faransanci suka yi, don tsohuwar gaba ta sa komai marar kyau Faransawa suke jingina wa. Ban yi dariya ba. Ni malamar Faransanci ce, da shi nake ci.

Baba ya rasu ya bar mu da aiki, domin Inna ba ta san wani Faransanci ba sai nasa. A wurinta harshen gaba ɗaya zagi ne.

Da hawan jini ya matsa mata, na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Zariya ta Maraɗi, na kai ta asibiti. Likitan Bazabarme ne, sabon zuwa Maraɗi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya auna ta, ya juyo yana yi mini bayani da Faransanci da sauri, fuska a ɗaure, don abin ya yi sama sosai. Kafin ya gama, Inna ta ja mayafinta ta fice. A bakin titi na same ta tana neman kabu-kabu.

"Inna, ina za ki?"

"Gida. Mi na yi mishi? Ina da furfura yaro shi tsaya yana zagina, ke kuma kina gyaɗa kai?"

Na yi bayani har na gaji. Na rantse. Magani kuwa ta ce ba ta shan abin da ya fito daga hannun mai ashar. Kwana da kwanaki ƙwayoyin na kan faifai, ƙafafunta na kumbura, tana dafa bango in za ta tashi. Haushi kamar ya kashe ni, ga tsoro.

Wata safiya na kasa daurewa. Na ce, "Haba Inna, wai duk mai Faransanci zagi yake? To ni fa? Shi nake koya wa ɗiyan mutane. In ina waya gabanki da shi nake magana. Zagi kike ji ina yi?"

Ta dube ni. Sannan ta miƙo hannu na zuba mata ƙwayoyin, ta haɗiye da ruwa, ba don ta yarda da likitan ba, sai don ta ga ina kuka.

"Ni dai ban taɓa hwaɗa ma kowa ba," ta ce. "Tun ran da kika kama aikin nan, kowace salla sai na roƙa miki gahwara."