Littafin da Ban Karanta Ba

Shekarar da ruwan sama ya kayar da katangar gidanmu a Fagge na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da safe ina dakon dilar atamfa a Kantin Kwari, bayan la'asar in zauna a benci da fensir.

Da muka fara iya haɗa jimla, Malam ya kawo tsari: littafi ɗaya zai riƙa zagaya mu, kowa ya riƙe mako biyu, sannan a zauna kowa ya faɗi ra'ayinsa. Littafin farko wata ɗaliba ce ta kawo, Bayarbiya mai sayar da robobi a Sabon Gari, duk muna ce mata Iya. Daga wani fim aka rubuta shi, na mutanen da suka bar duniya a jirgi suna neman wata ƙasa a cikin taurari, da mutum-mutumin ƙarfe mai kula musu da lambu.

Na taɓa kallon fassarar fim ɗin har sau biyu. Da littafin ya zo hannuna na yi shafi shida da ƙyar, na ga hoton bangon ma na fim ɗin ne, sai na ce ai abu ɗaya ne. Na ajiye.

Ranar zama kowa ya faɗi nasa. Wani tela ya ce ƙarya ta yi yawa, wani direban Keke ya ce shi dai a ba shi jirgin ya yi lodin fasinja zuwa Bata. Iya ta miƙe tana riƙe da littafin a ƙirji. Ta ce ita mutum-mutumin ya ba ta tausayi, domin ba mugunta ce ta sa ya rufe ruwan lambu ba, irin shuka ya ɓoye wa 'ya'yan mutanen jirgin, su kuwa suka jefar da mutum-mutumin.

A fim babu wannan. Na ce, a hankali kamar yadda na saba, "Iya, anya kin kai ƙarshe? Maci amana ne kawai."

An san ni da rashin garaje, shi ya sa aka yarda da ni. Telan ya ce, "Iya ta rubuta nata littafin a kan roba." Aka yi dariya. Ta shiga buɗe shafuka tana neman wurin, ba ta samu ba. Malam bai karanta ba shi ma, ya ce lokaci ya ƙure.

Ta bar littafin a kan benci. Mako ya zagayo ba ta zo ba, na gaba ma haka.

Na tafi da shi gida. Wata huɗu na yi ina bin sa da yatsa. Kusa da ƙarshe na tarar da babin, yadda ta faɗa daidai. Na karanta wa ajin da bakina, na ce ni ne ban karanta ba. Sannan na je Sabon Gari, maƙwabtan rumfarta suka ce ta koma wurin 'yarta a kudu.

Ranar da ta tafi, wata biyar ya rage mata ta karɓi takardar shaida, ba ta karɓa ba. Mu goma sha tara muka fara, sha takwas muka gama. Littafinta ɗaya tilo da ta taɓa karancewa yana akwatina.